Tattaki a kan tsohon layin dogon Gusau zuwa Kaura Namoda: tambayoyin da mutane ke yawan yi

Duk lokacin da anka tada maganar bin tsohon titin jirgin ƙasa da ƙafa, tambayoyin kusan iri ɗaya ne ke dawowa, daga ɗalibai masu rubutun kammala karatu har zuwa matasan da kawai sha'awar tarihin garinsu ta kama su. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Wanda ke gaggawa ya fara karanta amsar maganar tsaro kafin komai.

Wane layin dogo ake magana a kai ne wai?

Reshen da ya balle daga Zariya ya yo yamma maso arewa, ya ratsa Funtuwa, ya shigo Zamfara ta Tsafe, ya wuce Gusau ya je ya tsaya Kaura Namoda. Tsawonsa ya haura kilomita 200, kuma daga Gusau zuwa Kaura kimanin kilomita 50 ne. Kaura ita ce ƙarshen dogo, babu wani ƙarfe da ya wuce nan zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi (akwai amsa a kan wannan can ƙasa). Shi kaɗai ne titin jirgin da jihar Zamfara ke da shi.

Yaushe anka gina shi, kuma don me?

Tsakanin 1927 da 1929 anka yi aikin, a 1929 ya isa Kaura Namoda. Kafin nan babban layi ya riga ya daɗe, an fara daga Legas a 1898, na Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911, anka haɗe su wuri guda a 1912. Namu reshe ne da ya zo daga baya, tsaran na Kano zuwa Nguru wanda anka gama a 1930.

Dalilin gina shi kam ba ɓoyayye ba ne, kaya Turawa ke so su fitar. Gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga na ƙasar Zamfara da Katsina ta kudu da Sakkwato, a tattara su a tasha a loda a tarago a kai bakin teku a Legas a wuce da su Ingila. Shi ya sa in ka duba taswira za ka ga layin bai damu da haɗa garuruwanmu da juna ba, inda kaya suke ya nufa. Amma duk da haka ya canza ƙasar nan ƙwarai. Gusau tsohon gari ne tun zamanin jihadi, Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa shi, to amma zuwan jirgi shi ya maida shi babbar kasuwa, kamfanonin Turawa sunka buɗe kantuna da sito-sito, anka kafa gidan gurzar auduga, Yarabawa da Inyamurai da Nufawa da Kwara (Larabawan Lebanon da Siriya) sunka zo sunka zauna, Sabon Gari ya cika. Fatake daga Sakkwato da Argungu da Jega da ƙasar Nijar da ke hannun Faransa a wancan lokacin suna kawo kaya bisa jakai da raƙuma, daga baya da manyan motoci, su sauke a bakin tasha.

Kuma kar a manta da waɗanda sunka yi aikin da hannu. Babu buldoza a lokacin, diga ce da shebur da kwando a ka, kuma a zamanin mulkin mallaka yawanci ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗibar mutane aikin gwamnati, wani yana so wani ba ya so. Duk tudun ƙasar da ka gani dogo na kwance a kansa, kakannin wasu ne sunka tara shi kwando-kwando.

Jirgi ya daina bi gaba ɗaya ke nan?

Jirgin fasinja da na kaya da ake yi a kai a kai kamar da, babu shi. An yi wa layin gyara a shekarun baya anka ɗan gwada dawo da zirga-zirga, abin bai ɗore ba. Sai dai ba a rufe layin a hukumance anka ce an bar wa kowa ba, har gobe mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda dokar 1955 ta kafa, kuma ofishinta na shiyyar arewa yana Zariya. Saboda haka ka ɗauka cewa wata rana ƙaramin injin ma'aikata ko na masu duba hanya zai iya fitowa, kar ka toshe kunnenka da waƙa kana tafe tsakiyar dogo.

Maganar tsaro fa? Anya ana iya wannan a Zamfara yanzu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran, kuma zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana. Bin layin nan daga gari zuwa gari ta cikin daji, a halin da ake ciki, kar ka yi. Kar ka yi kai kaɗai, kar ku yi a ƙungiya, kar ka yi don wani ya ce maka jiya ya bi lafiya. Yankin Tsafe da Bungudu da Kaura Namoda duk mun san abin da ɓarayin daji ke yi a cikinsu, kuma dogo ya fi titin mota haɗari ma, saboda yana ratsa wuraren da babu mota babu shago babu mai ganinka, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Ba tarihin da ya kai ranka, ba kuma hoton da ya kai kuɗin fansar da iyayenka za su sayar da gona su biya.

Akwai haɗari na biyu da matasa ba su cika tunawa da shi ba, wato a ɗauke ka a matsayin infoma. Baƙuwar fuska a bayan gari, da jaka a baya da waya a hannu kana ɗaukar hoton gada da hanya, wallahi kana iya shiga hannun askarawa ko 'yan sa-kai ko mutanen gari da sunka sha wuya, kuma kafin ka gama bayanin cewa kai ɗalibin tarihi ne abu ya lalace. Ba laifinsu ba ne, halin da anka jefa su ne. Shi ya sa maganar izini da ɗan rakiya da ke ƙasa take da nauyi haka.

Labarin tsaro kuma na ranar ake nema, ba na makon jiya ba. Ka tambayi direbobin tasha, ka tambayi mai unguwa, in sun ce yau a'a to a'a ne.

To in haka ne ina za a bi?

Cikin gari. Tashar jirgin Gusau da kewayenta, da ɓangaren layin da ya ratsa unguwanni inda mutane ke kai da kawo, haka tashar Kaura Namoda da ta Funtuwa, in kuma kana da halin zuwa Zariya to nan ne mahaɗar, nan ne za ka fi ganin abubuwa. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, inda gidaje sunka ƙare nan tafiyarka ta ƙare, ka juyo.

Wasu sai su ji kamar an rage musu abin, alhali mafi yawan abin kallon dama a tasha yake. Tsakanin tasha da tasha ƙarfe ne da tsakuwa da kwalbati jefi-jefi, amma a tasha ne za ka ga inda ake sauya wa jirgi hanya, inda ake loda kaya, inda ake ba shi ruwa, da gidajen ma'aikata. Kilomita 2 a cikin gari da dattijon da ya san wurin sun fi kilomita 20 a daji kai kaɗai amfani.

Sai na nemi izini kafin in shiga?

Eh, ka nema. In akwai ma'aikaci ko mai gadi a tashar ka fara da shi, ka yi sallama ka gaishe shi yadda ya kamata ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. In ɗalibi ne kai, ka karɓo takarda daga sashenku mai ɗauke da hatimi, ka riƙe katin makaranta. Bayan nan mai unguwa, don shi ne zai ce “ku bar shi, na san da zuwansa” in wani ya tare ka. In abin na ƙungiya ne, misali mutum goma ko fiye, ku kai gaisuwa wajen hakimi ku kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Hoto ma ka tambaya kafin ka ɗauka. Gidajen kwatas ɗin reluwe da yawa akwai iyalai a ciki, tsohon gini ne a idonka amma gidan aure ne a wurin mai shi. Duk inda ka ga jami'an tsaro sun kafa shinge ko sun yi sansani, mayar da wayarka aljihu ka wuce.

Me zan duba in na je? Ni dai ƙarfe kawai nake gani

Da farko kowa haka yake gani, sai ido ya saba. Fara da ƙasa. Dubi abin da anka gitta a ƙarƙashin dogon yana riƙe da shi, a wurare da yawa na layukanmu na da za ka tarar ƙarfe ne maimakon katako, saboda gara ba ta barin katako ya daɗe a ƙasar nan. Dubi mahaɗar dogo da dogo, akwai faranti biyu na ƙarfe da anka ɗaure da noti, kuma an bar ɗan tsaga tsakanin ƙarshen wannan da farkon wancan. Da gangan anka bar shi, ƙarfe yana miƙewa in rana ta gasa shi, in babu wannan tsagar sai ya lanƙwashe. Wannan tsagar ce ke ba da ƙarar nan ta ƙaƙaf-ƙaƙaf da tsofaffi ke kwaikwaya in suna labarin shiga jirgi.

Sannan ka ɗaga kai. Nemi tankin ruwa ko gindin da ya zauna a kai, don jiragen farko masu tururi ne, kwal ɗin Inugu suke ci suna shan ruwa mai yawa, sai daga shekarun 1950 masu dizal sunka fara shigowa. Inda duk anka kafa tanki to akwai rijiya ko gulbi ko madatsa kusa, ka bincika daga ina ake jawo ruwan, wannan kaɗai labari ne. Nemi sandunan wayar tangaraho a gefen layi, da dogon ƙarfen sigina mai hannu da ake ɗagawa a sauke, da ƙarfen da ake ja a sauya wa jirgi hanya. Nemi ƙananan rassan da sunka balle daga babban layi sunka shiga wani fili ko bayan wani gini, ka bi su da ido, galibi za su kai ka ga tsohon sito ko inda ake tara buhunan gyaɗa ko dilolin auduga, ko da yanzu an yi shaguna a wurin. A tashar ƙarshe irin Kaura ka tambaya yadda ake juya kan jirgi ya fuskanci Zariya, tunda ba shi da gaba.

Kwalbati da gada su ne sunka fi burge ni. Ka tsaya daga ƙasa ka dubi yadda anka jera dutse, ka dubi girman bakin da anka bar wa ruwa, sai ka gane masu aikin sun auna ruwan daminar wurin kafin su gina, ga shi an doshi shekara 100 wasu na nan daram.

Akwai rubutu a jikin dogon, me yake nufi?

In ka goge ƙura a gefen dogon, tsakanin kansa da gindinsa, sau da yawa za ka ga haruffa da lambobi sun ɗan taso. Sunan kamfanin da ya narka ƙarfen ne da shekarar da anka yi shi, wani lokaci har da nauyinsa. Ka ɗauki hoto da safe ko da yamma lokacin da rana ke dukan gefe, rubutun ya fi fitowa, ko ka ɗora farar takarda ka goga fensir a kai.

Abin lura, shekarar da ke jikin ƙarfe ba lallai ita ce shekarar da anka shimfiɗa shi a wurin ba. Al'adar reluwe ce in sun sabunta babban layi su kwaso tsofaffin ƙarafa su kawo rassa da cikin tasha, kuma an yi gyare-gyare daga baya. Saboda haka kana iya ganin wanda ya girmi 1929 kusa da wanda bai kai shi ba, kar ka rubuta a aikinka cewa “an gina nan a shekara kaza” don lamba ɗaya da ka gani.

Me ya sa wanga layi ya fi na Abuja zuwa Kaduna matsewa?

Ma'auninsu ne daban. Tsakanin dogo biyu na tsohon layi milimita 1,067 ne, wato ƙafa 3 da inci 6, shi Turawan Ingila sunka yi amfani da shi a yawancin ƙasashen Afirka da sunka mallaka don ya fi arha kuma yana shan kwana cikin sauƙi. Na Abuja zuwa Kaduna da anka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021 milimita 1,435 ne. Jirgin wancan ba zai hau namu ba, namu ba zai hau nasu ba. In kana son aunawa da kanka ka yi a gaban ma'aikacin tasha, dalilin yana cikin amsar ɗaukar ƙarfe.

Wane lokaci ya fi, kuma me zan riƙe?

Bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa ta bushe ana ganin ƙasa, rana kuma da sauƙi. Da damina ciyawa da tumfafiya da geza suna rufe layin, ga zaizaya, da bazara kuwa ƙarfe da tsakuwa suna ɗaukar zafin da ba a iya tsayawa kusa da su. Ka fita bayan gari ya waye sosai ka dawo kafin azahar, kar magariba ta same ka a kan dogo ko da a cikin gari ne.

Takalmi mai rufi mai kaurin ƙasa, ba silifas ba, saboda tsakuwa da ƙaya da fasassun kwalabe. Ruwa, hula ko malafa, sanda, ɗan littafi da biro, waya da caji da kati, katin shaida. Kar ka sa kaya masu kama da na soja, kar ka ɗauki babbar jaka. Ka gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin dawowa.

Maciji da gada fa?

Macizai da kunamu suna son ƙarƙashin tsofaffin ƙarafa da cikin kwalbati da tarin duwatsu, kububuwa musamman launinta ya saje da ƙasa. Kar ka cusa hannu inda idonka bai gani ba, kar ka ɗaga ƙarfe don ganin abin da ke ƙasa. In tsautsayi ya faɗa, a kwantar da mutum a hana shi yawan motsi a kai shi babban asibiti da gaggawa, banda tsaga banda tsotsa banda ɗaure wurin tamau. In tsohon ƙarfe ya yanke ka ka wanke da ruwa da sabulu ka je a duba maganar allurar titanus.

Gadar jirgi ba a yi ta don ƙafa ba, tsakanin ƙarfe da ƙarfe rami ne, wasu kuma an sace notinsu. Ko ka ga yaran unguwa suna tsallakawa a guje kai ka sauka ka zagaya.

Zan iya ɗaukar ɗan noti ko ƙusa in ajiye na tunawa?

A'a. Ko ƙanƙane ne, ko ya riga ya cire ya faɗi gefe. Kayan gwamnatin tarayya ne, kuma satar ƙarafan dogo ta zama annoba a arewa, sibil difens suna kama mutane da motoci shaƙe da dogon da anka yanka za a kai wa 'yan gwangwan a narka. In anka same ka da noti a aljihu da tef ɗin awo a hannu, ba wanda zai tsaya bambance ka da su.

Abin yana ci mani rai ƙwarai. Ƙarfen da ya jure rana da ruwa tun zamanin kakanninmu a yanka shi da wuta cikin dare ɗaya a sayar a kilo, kuma kowane wanda anka cire yana ƙara nisanta ranar da jirgi zai dawo. In ka ga inda anka yanka sabo-sabo kar ka tsaya bincike kar ka tunkari kowa, ka sanar da ma'aikacin tasha ko mai unguwa ka tafi abinka.

Ta yaya zan samu tsofaffin ma'aikata in yi hira da su?

Wannan ita ce rabin aikin, a ganina ma ta fi rabi. Ƙarfen zai iya ƙara shekaru yana kwance, amma mutanen da sunka tuƙa jirgin, sunka sayar da tikiti, sunka gyara hanya, sunka yi dakon buhuna, suna ta raguwa kowace shekara kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ko'ina ba. Ka tambaya a masallacin da ke kusa da tasha ko cocin Sabon Gari, ko majalisar dattawan unguwa bayan la'asar, ko wajen 'yan fanshon reluwe, mutum ɗaya zai haɗa ka da uku.

In ka je ka durƙusa ka gaida shi, “Baba ina wuni, an wuni lafiya”, ka riƙa masa goro ko ɗan abin shayi, kar ka zaro waya tun kafin ka zauna. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, in ya ce a'a ka rubuta da hannu. Kar ka fara da “a wace shekara”, yawancinsu ba da shekara suke lissafi ba, ka ce Baba zamanin wane sarki ne, kafin yaƙin basasa ko bayansa, kafin canjin kuɗi daga fam zuwa naira ko bayansa, kai ka je gida ka lissafa, tunda an san yaƙi 1967 zuwa 1970 ne naira kuma 1973. Ka tambaye shi ranakun da jirgi ke shigowa, me ake sayarwa a bakin tasha, wa ke ba da umarni, nawa ake biyansa, me ya faru ranar da albashi ya fara makara. In ƙafarsa na iyawa ku taka tare zuwa tashar, za ka sha mamakin yadda zai nuna maka fili fetal ya ce nan sikeli yake, nan ofishin kaya yake.

Kuma kar a tsaya ga maza kaɗai. Tsofaffin matan da sunka yi tallar fura da ƙosai da dafaffen rogo a tasha, da waɗanda anka kai gidan miji a jirgi, suna da labarin da direba ba shi da shi. Wannan hirar mace ce ta fi dacewa ta shiga gida ta yi, ta ce Inna ko Gwaggo ko Hajiya ta zauna a tabarma a yi a natse.

Mata da 'yan makaranta za su iya zuwa tattakin?

Za su iya, a cikin gari, da rana, a ƙungiya, da malami ko wani babba da unguwa ta sani. Malaman tarihi da na jogarafi a sakandare ina roƙonku ku gwada, yaro da ya taɓa dogo da hannunsa ya karanta shekarar da ke jiki ba zai manta darasin mulkin mallaka ba. Ku bi matakan izini da ke sama, ku hana yara hawa tsofaffin taragu saboda ƙasansu ya ruɓe kuma zuma da rina suna gida a ciki.

Me ya kashe layin nan?

Abubuwa ne sunka taru. Titin kwalta ya zo, manyan motoci sunka fara kai kaya har ƙofar sito cikin kwana ɗaya ko biyu alhali tarago na iya kwana da kwanaki a hanya. Sannan kayan da anka gina layin dominsu sunka ja baya, farin 1973 da 1974 ya daki noma, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga amfanin gona. A 1986 anka rushe hukumomin sayen amfanin gona waɗanda su ne manyan masu loda kaya. Masaƙu da ke jan auduga su ma sunka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har da ta Gusau.

Ita kanta hukumar jiragen ta sha fama da rashin kuɗi da rashin kayan gyara. An kawo Indiyawa sun riƙe ta daga 1979 zuwa 1982 abubuwa sunka ɗan farfaɗo, an ba kamfanin China kwangilar gyara a 1995, amma reshe irin namu kullum shi ne na ƙarshe a layin rabo. Daga baya rashin tsaro da ɓarayin ƙarfe sunka zo sunka tarar da mara lafiya. Tun 2023 dai an gyara tsarin mulki jihohi ma suna da ikon yin harkar jirgin ƙasa, saboda haka wannan tambaya ce da ya kamata mu riƙa yi wa 'yan takararmu na jiha, ba Abuja kaɗai ba.

Mu 'yan Kebbi fa, ina namu?

Jihar Kebbi ba ta da tsohon layin dogo. An sha maganar miƙa na Kaura zuwa Sakkwato har iyakar Illela, gwamnatoci sun sha faɗa, ƙarfe dai bai wuce Kaura ba. Kayan ƙasar Gwandu da Argungu ta hanyar mota ake kawo su Gusau, na ƙasar Yawuri kuma kogin Kwara na kusa da su.

In kana Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu, Gusau ce mafi sauƙi. In kana Zuru ko Yawuri kana iya duba Zungeru da Minna a jihar Neja, Zungeru ta taɓa zama hedikwatar Turawa ta Arewa kafin a koma Kaduna kuma babban layin Legas zuwa Kano ya ratsa ta. Duk abin da na faɗa a amsar tsaro ya hau kan wannan hanyar ma, har da ƙari.

Akwai layin da ya mutu gaba ɗaya har anka kwashe ƙarfensa?

Akwai, ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos don jigilar kuza. Shi ma'auninsa ƙafa 2 da inci 6 ne kawai, ya fara aiki kafin yaƙin duniya na ɗaya anka rufe shi a 1957, bayan babban layi ya riga ya isa Jos ta Kafanchan. Irin wannan bin sawunsa ya fi wuya, sai dai ka nemi tudun ƙasa miƙaƙƙe a tsakiyar gonaki, ko tsagin da anka yi a jikin tudu, ko gindin gada babu gadar. Yana da kyau mai sha'awa ya san da shi don ya ga yadda layi ke ɓacewa in anka bar shi.

Ina zan samu takardu da taswira, kuma ya zan ajiye abin da na tattara?

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin lardin Sakkwato na zamanin Turawa, wanda Zamfara da mafi yawan Kebbi a cikinsa suke a lokacin, cibiyar binciken tarihi ta Arewa House ma tana Kaduna. A Sakkwato akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ɗakunan karatu na jami'ar Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo suna da kundayen digiri da ɗalibai sunka rubuta a kan Gusau da kasuwancinta, a Legas kuma akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Ebute Metta. Kafin ka fita ka buɗe Google Maps ka sa hoton tauraron ɗan'adam, layin yana fitowa sarai, kana iya bin ɓangaren dajin da ido daga ɗakinka ba tare da ka taka ba.

Wajen ajiya, kowane hoto ka rubuta masa rana da wuri da abin da ke ciki tun a ranar, in ka bari sai mako ya zagayo za su cakuɗe maka. Muryar da ka naɗa ka tura ta imel ɗinka ko ka sa a filashi, waya tana ɓata tana lalacewa. Ka rubuta hirar da Hausar da mai maganar ya yi, kar ka gyara masa ita zuwa ta Kano. In za ka sa a Facebook ka nemi yardarsa ko ta 'ya'yansa tukuna, kar ka nuna ƙofar gidansa, kuma hoton wurin da ƙarafa ke jibge ba mai gadi kar ka faɗi unguwar. Kwafi ɗaya na hirar ka kai wa iyalinsa, ɗaya kuma ka ba sashen tarihi na jami'ar tarayya ta Gusau ko wata makarantar da ke kusa da kai.